DARASI: ZAƘAMI, WANDA AKE KIRA HAUKATA-YARO

'Yan'uwa manoma, darasinmu na wannan wata a kan wani tsiro ne da kowa ya sani. Yana fitowa a juji da kufai da bayan garke, duk inda taki ya taru. Furensa fari ne mai kama da bakin kakaki, 'ya'yansa kuma dunƙule ne mai ƙayoyi, cike da ƙananan iri. Sunansa zaƙami. Waɗansu suna ce masa babba-juji, waɗansu haukata-yaro. Wannan suna na ƙarshe ya fi faɗin gaskiya.

Samari sukan jefa irinsa cikin shayi ko kunu ko burkutu, wai don su ji ƙarfi, ko su ga abin da ido ba ya gani. In ka yi musu magana sai su ce, "Ai ba ƙwaya ba ce, Allah ne ya tsirar da shi." Gaskiya ne Allah ya tsirar da shi. Shi ne kuma ya tsirar da tinya, amma ba mu taɓa ganin wanda ya zuba ruwanta a miya ba.

A cikin zaƙami akwai dafi iri uku da likitoci suka sani: atirofin, hayosin da hayosayamin. Atirofin magani ne mai daraja a asibiti. Da shi ake ceton manomin da maganin feshin ƙwari ya shiga jikinsa. Amma likita yana auna shi da ma'auni, ɗan ƙanƙani ƙwarai. Tsiron da ke juji ba shi da ma'auni. Gindi biyu suna iya tsayawa kusa da juna, ɗaya ya ninka ɗayan dafi. Saboda haka yaron da ya sha bara ya tashi lafiya yana iya shan daidai wannan bana a kai shi kabari.

Ga yadda yake kama mutum. Baki ya bushe ƙayau. Baƙin ido ya buɗe, haske ya dame shi. Jiki ya yi zafi ba gumi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, fitsari ya ƙi fita. Daga nan sai ya soma zance da mutanen da ba su nan, yana tsintar abin da babu a jikin rigarsa, ya tuɓe, ya ruga daji. Mai shan giya ya san ya bugu. Mai zaƙami bai san komai ba, abin da yake gani a wurinsa gaskiya ne, shi ya sa yakan faɗa rijiya ko wuta. Yakan yi kwana ɗaya ko biyu a haka, in ya farfaɗo kuma ba ya tuna abin da ya yi. To, ina daɗin da ya saya?

Ba a ƙasarmu kaɗai ake wannan ba. A 1676, a garin Jemistawun na Amurka, waɗansu sojojin Ingila suka dafa ganyen ɗan'uwan wannan tsiro suka ci, suka yi kwana 11 ba su cikin hankalinsu. A 2019 kuma, a yankin Karamoja na ƙasar Uganda, irinsa ya gauraya da garin abincin agaji. Mutum fiye da 200 suka kwanta, 5 suka mutu. Waɗannan ba maye suka nema ba, kunu kawai suka sha. Mai noman waken soya da mai sussuka su riƙe wannan labari.

Wani zai ce, gwamnati ta hana mana. An kafa hukumar NDLEA a 1989 domin yaƙi da miyagun ƙwayoyi, kuma a watan Mayu na 2018 gwamnatin Nijeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Doka tana da amfaninta a kan abin da ke bi ta masana'anta da tashar jirgi da kantin magani. Amma wane ɗan sanda ne zai tsare kowane juji? Kuma in an rufe wa yaro ƙofa ɗaya ba a tambayi abin da ke korarsa ba, ko zaman banza na rani, ko gajiyar ƙwadago, ko tsoron a ce masa rago, zai nemi wata. Wannan aiki na iyaye ne da dattawan ikkilisiya da zumuntar mata da shugabannin matasa.

In an kawo muku wanda ya sha, kada ku ɗauka aljanu ne ku kwana kuna addu'a kaɗai. Ku yi addu'ar a hanyar asibiti. Kada a doke shi, kada a ɗaure shi da igiya a rana. Kada a ɗura masa madara ko manja don ya yi amai, gama yana iya shaƙewa. A kawar da wuƙa da wuta, a kai shi inuwa, a shafe jikinsa da jiƙaƙƙen tsumma. In ya suma a kwantar da shi ta gefe. A tafi da reshen tsiron ko sauran abin da ya sha, a nuna wa malamin asibiti. A kuma kori 'yan kallo. Ku karanta Farawa sura 9, ku ga abin da Shem da Yafet suka yi sa'ad da mahaifinsu Nuhu, wanda shi ma manomi ne, ya bugu: sun rufe shi, ba su tara masa jama'a ba.

Lokacin tuge zaƙami shi ne da damina, tun bai yi 'ya'ya ba, gama irinsa yana daɗewa a ƙasa shekara da shekaru. A haƙa rami a binne shi. Kada a sa shi a murhu, hayaƙinsa ma yana bugarwa. Wanda ya tuge ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa ido ko abinci. Dabbobi sukan guje shi yana ɗanye, amma in ya bushe cikin harawa sai su haɗa su ci, don haka a duba harawa kafin a ɗaure ta.