Son Rai da Gaskiyar Magana a Sharhin Jaridu: Misali daga Siyasar Jihohin Kaduna da Kano, 1979 zuwa 1983

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga ɗakin ajiye tsofaffin jaridu don neman bayani game da siyasar Jamhuriya ta Biyu yakan tarar da abu mai rikitarwa. Sai ya ɗauki jaridu biyu da aka buga a mako guda, suna magana a kan al'amari guda, amma ya ga kamar a garuruwa dabam-dabam abin ya auku. Manufar wannan takarda ita ce duba hanyoyin da son rai kan bi ya shiga sharhin jarida, da yadda mai karatu zai rarrabe shi da ainihin abin da ya faru. An zaɓi Jihohin Kaduna da Kano domin su kaɗai ne jam'iyyar PRP ta ci kujerar gwamna a zaɓen 1979, alhali NPN ce ke riƙe da gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Alhaji Shehu Shagari. Jimlolin da aka kawo a matsayin misali ƙirƙirarsu aka yi don bayani, ba a ɗebo su daga wata jarida ba.

2.0 Bambancin Labari da Sharhi

Labari shi ne bayanin abin da ya faru, da wanda ya aikata, da wuri, da lokaci. Sharhi kuwa ra'ayin marubuci ne game da wannan abin. Saboda haka ba laifi ba ne mai sharhi ya ɗauki ɓangare, don kuwa sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1979 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayinsa, sashe na 21 kuma ya ɗora wa kafofin watsa labarai nauyin sa ido a kan gwamnati. Inda gizo ke saƙa shi ne, kowane sharhi a kan labari ake gina shi. In tubalin ya karkace, ginin ba zai miƙe ba.

Ana iya kasa maganganun da ke cikin sharhi kashi uku. Na farko, maganar da za a iya bincikawa a tabbatar, kamar kwanan wata ko yawan ƙuri'u. Na biyu, fassarar dalilin da ya sa abu ya faru. Na uku, hukuncin marubuci, watau ko abin ya yi kyau ko bai yi ba. Kashi na uku haƙƙin marubuci ne. Na biyu yana bukatar hujja. Na farko kuwa ba ya karɓar sassauci ko kaɗan. Har wa yau ya kamata a lura cewa son rai da ƙarya ba abu ɗaya ba ne. Sharhi yana iya kasancewa babu jimla ɗaya ta ƙarya a cikinsa, amma ya ɓatar da mai karatu ta hanyar abin da ya zaɓa ya faɗa da abin da ya ƙi faɗa.

3.0 Masu Jaridun

Kafin a karanta sharhi, wajibi ne a san mai jaridar. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairu 1939, Alhaji Abubakar Imam yana editanta, daga baya ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian na Kaduna. Ita New Nigerian gwamnatin Arewa ce ta kafa ta a 1966, gwamnatin tarayya kuma ta karɓe ta a 1975. Ke nan daga Oktoba 1979 jaridun biyu suna hannun gwamnatin da NPN ke jagoranta, kuma magoya bayan PRP sun yi ta zarginsu da karkata. A 1980 gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph a Kano, wanda ya riƙa fitar da jaridar Turanci, daga baya kuma Albishir ta boko da Alfijir ta ajami. A wannan shekara ce kuma Cif M.K.O. Abiola, wanda a lokacin jigo ne a NPN, ya kafa kamfanin Concord a Legas, mai fitar da Amana ta Hausa. Nigerian Tribune ta Ibadan kuwa tun 1949 ta Cif Obafemi Awolowo ce, shugaban UPN.

Sanin mai jarida ba ya nufin duk abin da ta buga ƙarya ne. Abin da yake nuna wa mai karatu shi ne wurin da ya kamata ya ƙara sa ido. Jaridar gwamnatin jiha takan yi shiru a kan kurakuran gwamnanta, ta abokan hamayya kuma takan yi shiru a kan nasarorinsa.

4.0 Misali na Farko: Tsige Gwamnan Kaduna

A zaɓen 1979 Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na PRP ya zama gwamnan Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa har da Katsina, don ba a cire Jihar Katsina ba sai 1987. Amma a Majalisar Dokoki mai kujeru 99, NPN ta ci 64, PRP 16, GNPP 10, NPP 6, UPN 3. Majalisa ta yi ta ƙin amincewa da sunayen kwamishinonin da gwamna ya aika mata, har ya yi mulkinsa duka ba tare da kwamishinoni ba. Ranar 23 ga Yuni 1981 majalisa ta tsige shi, mataimakinsa Alhaji Abba Musa Rimi ya gaje shi.

Wannan shi ne labarin. To, a dubi waɗannan jimloli biyu:

(a) Majalisar wakilan jama'a ta sauke gwamna bisa tsarin mulki.
(b) 'Yan NPN sun yi wa gwamnan talakawa juyin mulki.

Jimla ta (a) ba ta yi ƙarya ba, don sashe na 170 ya ba majalisa ikon tsige gwamna saboda babban laifi. Amma ta ɓoye cewa wannan sashe majalisar ya bar wa ikon yanke abin da ake kira babban laifi, ya kuma hana kotu shiga maganar. Ta kuma ɓoye cewa shi ma gwamnan jama'a ne suka zaɓe shi. Jimla ta (b) kuwa ta ɗauki kalmar "juyin mulki", wadda Bahaushe ya saba ji dangane da soja da bindiga, ta ɗora a kan matakin da doka ta tanada. Daɗin daɗawa, lissafi ma yana da abin cewa. Tsigewa tana bukatar kashi biyu cikin uku na dukan 'yan majalisa, watau 66. Kujeru 64 ba su kai ba, sai da aka sami ƙari a kan abin da NPN ta ci ranar zaɓe. Mai sharhin da ya tsaya ya bayyana inda ƙarin ya fito ya fi amfanar mai karatu a kan wanda ya tsaya ga yabo ko zagi.

Haka abin yake ga soke haraji da jangali da gwamnatocin PRP biyu suka yi a 1979. Mai goyon baya zai ambaci sauƙin da talaka da makiyayi suka samu, ya tsallake tambayar inda ƙananan hukumomi za su cike giɓin kuɗin shiga. Mai suka kuwa zai tsaya ga giɓin, ya tsallake cin zarafin da ake yi wa mutane wajen karɓar harajin. Kowannensu rabin gaskiya ya faɗa.

5.0 Misali na Biyu: Kano, Yuli 1981

A farkon watan Yuli 1981 gwamnatin Rimi ta aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma, ta nemi ya ba da amsa cikin awa 48. Ranar 10 ga watan rikici ya ɓarke a birnin. Aka ƙona gine-ginen gwamnati, har da gidan Rediyon Kano, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, malamin Jami'ar Bayero kuma mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa.

A nan sunan da aka ba abin shi ke ɗauke da hukunci. Wanda ya ce "jama'a sun fusata" ya riga ya yanke cewa abin daga zuciyar mutane ya fito, babu wanda ya shirya shi. Wanda ya ce "an sako 'yan daba" shi kuma ya yanke cewa akwai mai shiryawa. Dukansu biyu fassara ce, irin kashi na biyu da aka ambata, kuma kowace tana bukatar shaida. Haka kuma akwai tazara mai nisa tsakanin "ya rasa ransa a hargitsin" da "an kashe shi". Ta farko ta mai da kisa kamar hatsarin mota, ta biyu kuwa ta bar tambaya a buɗe: wa ya kashe shi? A irin wannan hali zaɓen kalma ya wuce maganar salo, domin jarida tana iya kwantar da wuta, tana kuma iya zuba mata mai.

6.0 Kayan Aikin Son Rai a Harshen Hausa

Ga ɗalibin Hausa, abin da ya fi jan hankali shi ne yadda nahawun harshen kansa ke ba mai sharhi mafaka.

Na farko, kalmar "wai". A jimlar "wai gwamna ya gina makarantu", marubuci bai musa ba, amma ya shuka shakka. A jimlar "wai an ci kuɗin kwangila" kuwa ya yaɗa zargi, ya kuma tsame hannunsa. In aka tuhume shi sai ya ce ji ya yi.

Na biyu, lamirin da ba ya nuna mai aiki, watau "an" da "aka" da "ana". "Ana cewa" ba ta faɗi mai cewa ba, ko mutum dubu ne ko shi marubucin kaɗai. Yana da kyau a lura da lokacin da jarida ke ambaton suna da lokacin da take fakewa da "an". Sau da yawa in nata ne ya yi ɓarna sai a ji "an yi kuskure", in abokin hamayya ne sai a kira shi da sunansa da muƙaminsa.

Na uku, laƙabi. Da PRP ta rabu biyu a 1980, aka kira ɓangaren gwamnonin biyu Santsi, na Malam Aminu Kano kuma Taɓo. Kowane suna yana ɗauke da hoto, ɗaya na zamewa, ɗaya na kafewa. Haka kalmomi irin su "'yan ci-gaba" da "'yan mazan jiya" da "masu tsattsauran ra'ayi" suke yanke hukunci tun kafin a kawo hujja.

Na huɗu, karin magana da habaici da zambo. Sharhin Hausa ya gaji waɗannan daga bakin maroƙa da mawaƙan siyasa. Karin magana yana da kwarjini, har mai karatu ya ji kamar magabata ne suka yi hukunci. Amma in marubuci ya ce "ramin ƙarya ƙurarre ne", bai tabbatar da cewa an yi ƙaryar ba tukuna. Habaici kuwa ya fi haɗari, don yana jifan mutum ba tare da kiran suna ba, wanda aka jefa kuma ba shi da hanyar kare kansa.

7.0 Ma'aunin Mai Karatu

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Mai nazari ya fara sanin mai jaridar da wanda ke mulki a lokacin da aka buga ta. Sa'an nan ya ja layi a ƙarƙashin duk maganar da za a iya bincikawa, ya gwada ta da takardun asali, kamar tsarin mulki da sakamakon zaɓe da rahoton zaman majalisa. Bayan haka ya karanta jaridar ɗaya ɓangaren ta wannan mako, ya rubuta abin da kowace ta tsallake. Daga ƙarshe ya gwada musanya sunaye, ya ga ko marubucin zai yi amfani da kalmomin nan in da jam'iyyarsa ce ta aikata abin.

Hukunci ba ya maye gurbin wannan aiki. Gwamnatin soja da ta kifar da Jamhuriya ta Biyu ranar 31 ga Disamba 1983 ta kafa Doka ta 4 ta 1984 da sunan hana ƙage a kan jami'an gwamnati. A ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Dokar ta hukunta har labarin da ya kunyata gwamnati, saboda haka tsoro ta haifar, ba ta haifar da gaskiya ba.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa son rai a sharhin jarida ya fi yawan shiga ta hanyar zaɓen kalma da tsallake bayani, fiye da ta ƙarya tsirara. Darasin kuma bai tsufa ba. Da aka ƙirƙiri sababbin masarautu huɗu a Kano a 2019, aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II a Maris 2020, aka kuma mai da shi a Mayu 2024, kalmomin nan na "wai" da "an ce" da laƙabi su ne suka sake cika shafukan sharhi. Sharhin da aka buga jiya shi ne madogarar mai rubuta tarihi gobe. Ɗalibin da ya kwafe shi cikin kundin digirinsa ba tare da awo ba, ya ɗauki son ran wani ya sa masa hatimin jami'a.