Kuɗin Aikin Kwamfuta Ya Faɗi: Magana da Ƴaƴanmu na Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Ƴaƴana, samari da ƴan mata da kuka koyi kwamfuta kuke neman abinci da ita, kukanku ya iso mana. Kuna cewa aikin da yayyenku suka yi har suka sayi babur, suka yi aure, wasu ma suka yi gini, ku yau da ƙyar yake ba ku na cefane. Gaskiya kuka faɗa, kuma ba ragwanci ya jawo muku ba. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗa muku yadda aka yi aka zo nan, domin a cikin dalilan akwai waɗanda suka fi ƙarfinku, akwai kuma waɗanda ke cikin hannunku.

Furoje ne suka fara kawo kwamfuta wannan yanki. Agye ta daɗe da ayyukan asusun FIDA tun shekarun 1990, kafin zuwan furojen PPILDA da waɗanda suka biyo bayansa. Sai yunwar 2005 ta zo, ƙungiyoyin agaji suka cika jihar Maraɗi, kowace da takardunta na bincike: sunan yaro, garinsu, nauyinsa, awon damtsensa. Tarin takardun nan dole wani ya zauna ya shigar da su cikin na'ura. A lokacin, wanda ya iya Word da Excel a garuruwanmu ana iya ƙidaya shi da yatsu. Shi ake nema, shi ke faɗin kuɗinsa, kuma a biya ba gardama. Mai shagon buga takardu shi ma yana samu, domin duk mai neman aiki ko ɗalibi mai rubutun ƙare karatu sai ya bi ta hannunsa.

Yau masu iyawa sun yi yawa, kuma wannan alheri ne da muka daɗe muna roƙo. Tun da aka buɗe jami'ar Maraɗi a 2010, wadda ake kira Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ga kuma makarantu masu zaman kansu, kowace shekara sabbin hannuwa ke fitowa. Amma abin da ya fi cinye aikinku ita ce wayar da ke aljihunku. Lokacin da Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, waya ta kira ce kawai. Yanzu da manhajoji irin su ODK da KoboToolbox, mai bincike yana tsaye a ƙofar gidan manomi a Ɗan Saga yake shigar da amsa, kafin magariba ta isa Yamai. Kujerar mai shigar da bayanai, wadda ta ciyar da gidaje da yawa, an ɗauke ta ke nan. Wasiƙar da a da ake biya a buga, yau a WhatsApp ake aika ta.

Sannan ku dubi hanyar da kuɗin ke bi kafin ya iso gare ku. Kamfani a Yamai ya ci kwangila, ya yanki nasa ya miƙa wa wani a Maraɗi, shi ma ya yanka, sai ragowar ta iso hannun yaron da zai hau babur ya shiga ƙauyukan Gangara ko Cadakwari. Manyan ayyuka kuwa ba sa zama. Rajistar masu zaɓe da hoto da zanen yatsa ta 2019 zuwa 2020 ta ɗauki matasa da yawa, haka ma rajistar ƴan gudun hijirar da suka shigo yankin Gidan Rumji daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, amma da an gama sai kowa ya koma gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 takunkumin CEDEAO ya zo, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wuta, masu ba da tallafi da yawa suka dakata. A farkon 2025 kuma Amurka ta tsayar da yawancin ayyukan USAID. Aiki ya ragu, masu nemansa ba su ragu ba.

Duk waɗannan ba ku kuka jawo su ba. Abin da ke damuna shi ne wanda kuke yi wa kanku.

Da yawanku ba ku san nawa aikinku yake ci muku ba. A ce an ba ka jika 5 a yini na kwana 10. Ka riƙe jika 50, ka ji ka fi mai ƙaramin albashi, tunda mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka a Nijar sefa 42,000 ne daga Janairun 2024, bayan ya daɗe a 30,047. To amma ɗana, in watan ya ƙare, ka ƙara wata biyu bayansa ba a kira ka ba, jika 50 ɗin nan ta wata uku ce, ba ta kai jika 17 a wata ba. Cire man babur, cire kuɗin intanet, cire cajin waya da abincin hanya. Cire kuma tsufan kwamfutarka, domin batirinta na mutuwa kullum ko ba ka gani, kuma ranar da ta tsaya daga aljihunka za ka sayi wata. Ma'aikaci mai albashi ana zuba masa kuɗi a CNSS saboda tsufa da haɗarin aiki. Kai ɗan kwangila in ka faɗi a kan babur tsakanin Agye da Cadawa, kai da iyayenka ne. Shi ya sa kuɗin yinin ɗan kwangila ya kamata ya fi na mai albashi nesa ba kusa ba. Ka zauna da biro da takarda ka yi wannan lissafi kafin ka ce "na yarda".

Na san abin da za ka ce: in na ƙi, wani zai karɓa. Haka ne, kuma wanin nan abokinka ne, ajinku ɗaya. Ku ɗiyan manoma ne, kun san yadda hatsi ke faɗuwa da kaka lokacin da kowa ya kai nasa kasuwa rana ɗaya saboda matsi, kun kuma san waɗanda suka haɗa kai suka ajiye nasu a rumbun ƙungiya har bazara su ke cin ribarsa. Wanda ya karya kuɗin aiki yau don ya ƙwace wa ɗan uwansa, gobe a kan karyayyen kuɗin za a fara yi masa tayi.

Kada kunya ta hana ku neman a rubuta yarjejeniya. Mu Hausawa muna jin nauyin ce wa babba ya sa hannu, sai mu ce ai mutunci ya wuce takarda. Amma aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A rubuta aikin da za a yi, da kuɗinsa, da ranar biya, da wanda zai ɗauki man babur. A ba ka wani abu a gaba in aikin na tafiya ne. In ka faɗi haka cikin ladabi, mutumin kirki ba zai ji haushi ba.

Sai kuma ku ƙara zurfi. Buga rubutu ya zama kamar iya karatu, ana bukatarsa amma ba a biya a kansa sosai. Wanda ake biya yanzu shi ne mai iya shirya takardar binciken a cikin waya, ya tace bayanan, ya fito da rahoto da shugaba zai fahimta. Shi ne mai iya buɗe kwamfuta ko na'urar buga takarda ya gyara, ba sai an kai Maraɗi ko Katsina ba, mai iya haɗa faifan sola da batir don ofis ya yi aiki ko wutar NIGELEC ta ɗauke. Ku ɗaga ido daga ƙungiyoyin waje ku dubi gida. Aya da wake da riɗi da gujiya da ke fita daga kasuwannin Cadawa da Gazawa kuɗi ne masu yawa, kuma yawancin lissafinsu a ka yake ko a tsohon littafi. Ƙungiyoyin manoma da na mata masu asusu, masu sayar da magani, makarantu, ma'aikatun magadan gari masu tarin takardun haihuwa, duk suna bukatar mai riƙe musu lissafi da amana. Kuɗinsu ba shi da yawa a tashi ɗaya, amma ba ya ƙarewa da ƙarewar furoje. In kun haɗu ku uku ko huɗu kuka yi rajistar kasuwanci kuka karɓi lambar haraji ta NIF, kuna iya neman aiki da sunanku, ba ta hannun ɗan tsakiya ba. Ɗiyata, wannan magana har da ke, domin akwai gidaje da ƙungiyoyin mata da ke kaɗai za su buɗe wa littafinsu.

Ina roƙonku, komai ƙarancin abin da aka ba ku, kada ku zauna gindin bedi ku cika amsoshin mutanen da ba ku gani ba. Da waɗannan alƙaluma ake yanke ƙauyen da zai samu rijiya ko abincin yara. In kuɗin bai yi muku ba, ku ƙi aikin tun farko. In kun karɓa, ku cika shi. Kuma kada ku saki gonar gida da damina saboda jiran kiran da ba ku da tabbacinsa.

Ku kuma masu ba da aiki, yaran nan ƴaƴanku ne, ku biya su a kan lokaci. Ƴaƴana, kafin wata kwangila ta sake fitowa, ku kira junanku, na Agye da na Gazawa da na Gidan Rumji, ku zauna ku tsayar da kuɗin da ba wanda zai yi aiki ƙasa da shi, ku rubuta, kowa ya sa hannu. Allah ya sa albarka a cikin nemanku.