Kafin a narka liyarin kaka

Ni maƙerin azurfa ne a Tanut, kuma babu abin da ke ci mini rai a wannan sana'a kamar yawan tsofaffin kuɗin da ke ƙarewa a wuta. Uwa za ta kwance bakin zane ta miƙo liyari, ta ce a narka a yi wa ɗiyarta munduwar aure. Nakan ce mata: "Hajiya, dakata mu duba tukuna."

Damargu, yankin da Tanut take, na kan hanyar ayarin da a da ke tasowa daga Tarabulus, ya ratsa Gat da Abzin zuwa Damagaram da Kano. Shi ya sa har yau ake samun irin waɗannan kuɗi a gidajen Tanut da Belbeji.

Wanda aka fi kawo mini shi ne liyari mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya. Kada shekarar 1780 da ke jikinsa ta ruɗe ku. A shekarar ta rasu, kuma duk wanda aka buga bayanta wannan shekara yake ɗauke da ita, ko a Biyana aka buga shi, ko Landan, ko Bombay ta Indiya. Na gaskiya yana da nauyin giram 28, kashi 83 cikin ɗari azurfa ne, kuma maganaɗisu ba ya kama shi.

Akwai wani iri da ya fi wuyar samu: kuɗin gwaji, waɗanda ake buga kaɗan don a ga yadda zane zai fita. Na gidan buga kuɗi na Faransa suna da ƙaramin rubutu, ESSAI. Akwai na azurfa masu hoton tsohon shugaban Nijar Diori Hamani da shekarar 1960. Masu tara kuɗin tarihi na nemansu ruwa a jallo.

Don Allah, 'yan'uwa, kada ku goge tsohon kuɗi da toka ko lemun tsami. Baƙin da ke jikinsa shaidar shekarunsa ne. Kada ku huda shi. Ku ɗauki hotonsa gaba da baya, a auna shi a gabanku, ku ji bakin mutum fiye da ɗaya kafin ku sallama wa dillali. Ku tambayi tsofaffi yadda ya shigo gidan, ku rubuta.

Mu ma maƙera, mu ji tsoron Allah mu faɗa wa mai kaya gaskiyar abin da ke hannunsa. Azurfar munduwa tana nan a kasuwa, amma liyarin da ya narke ba ya dawowa.