Sassan Jirgin Yaƙi Mai Dakon Jiragen Sama a Harshen Sinanci

A watan Satumba na shekarar 1998 ba a san irin wannan jirgi a rundunar ruwan ƙasar Sin ba. A shekarar ce aka sayo gangar jikin wani jirgin tsohuwar Tarayyar Sobiyat daga Yukiren, aka gyara shi, ya fara aiki a 2012 da sunan Liaoning. Shandong ya biyo baya a 2019, sannan aka saka Fujian a ruwa a 2022. Abin lura ga ɗalibi shi ne yadda Sinawa suka raɗa wa sassan jirgin suna da kalmomin yau da kullum, har sunan ya zama bayanin aikin.

Jirgin kansa shi ne *hangkong mujian*. *Hangkong* tafiyar sama ce, *mu* uwa, *jian* kuwa jirgin yaƙi. Wato uwar jiragen sama, domin daga gare ta suke tashi, gare ta suke komawa. Goshinsa *jianshou* ne, kan jirgi. Bayansa *jianwei*, wutsiya. Ƙarfen da ya ratsa ƙasansa ana kiransa *longgu*, ƙashin dodon tatsuniyoyinsu. Da wannan kalma masu nazarin halittu na Sin suke kiran tudun ƙashin ƙirjin tsuntsu, inda tsokar fiffike take kamawa.

Filin tashi da sauka shi ne *feixing jiaban*. Ginin da ke tsaye a gefensa na dama *jiandao* ne, tsibirin jirgi. A ƙarƙashi akwai *jiku*, rumbun jirage, inda *shengjiangji*, injin hawa da sauka, yake ɗauko su.

Tsawon filin bai wuce kimanin mita 300 ba, don haka tashi sai da dabara. Liaoning da Shandong suna da *huayue jiaban*, gaban fili mai tudu wanda ke cilla jirgi sama. Fujian kuwa *tansheqi* gare shi, majaujawa mai aiki da maganaɗisun lantarki. Wajen sauka, ƙugiyar wutsiya, *weigou*, takan kama *zulansuo*, igiyar tarewa. In ta kuskure, dole matuƙi ya sake tashi nan take, in ba haka ba ya faɗa teku.

Hausa ma ta bi wannan hanya da ta ce jirgin sama da jirgin ƙasa. Yana da kyau malamai su sa ɗalibai su ƙirƙiro wa waɗannan sassa sunayen Hausa, su kuma kare zaɓinsu da hujja.