SAYEN TUFAFIN KIRSIMATI A BIRNI

Karatu: Yaƙub 2:1-9, Ayyukan Manzanni 9:36-42

Ya 'yan'uwa cikin Ubangiji, ga kaka ta yi, Kirsimati kuwa ta kusa. Da yawa daga cikinmu za su sayar da hatsi su hau mota zuwa Kano domin sayen tufafi. Bari mu yi nazari tare tun ba mu fita gida ba.

1. Abin da za mu tarar

Wanda ya shiga Kantin Kwari zai ga atamfa da shadda da leshi jibge har rufin shago. Atamfa turmi turmi a ke sayar da ita, turmi ɗaya yadi 6. Wadda mu ke kira Holan, kamfanin Vlisco ne ya ke buga ta a garin Helmond na ƙasar Holan, kamfanin kuwa tun 1846 ya ke. Dā muna da tamu ta gida: masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957, aka rufe ta a 2002. Yanzu yadi mai yawa daga ƙasar Sin ya ke zuwa, waɗansu har da zanen Holan da irin tambarinta. Saboda haka kada mu dogara ga takardar da aka manna. Mu duba ciki da baya, mu murza bakin zanen mu ji ko sitaci ne ya ba shi kauri, mu tambayi kuɗi a shago biyu ko uku kafin mu taya.

2. Ciniki ba zunubi ba ne

Lidiya mai sayar da jan tufa mai tsada ce, mutuniyar Tiyatira, ita ce kuwa ta sauki Bulus a gidanta a Filibi. Allah bai hana mu ado mai tsabta ba. Haɗarin yana cikin zuciya, sa'anda ido ya ga abin da aljihu bai kai ba.

3. Bashi

Mun san yadda a ke yi. Maigida ya sayar da buhun dawa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ya ƙara da rance, domin uwargida ta yi anko da matan unguwa. Tufar ta yi kwana ɗaya a majami'a ta koma akwati. Da damina ta yi tsakiya, rumbu ya ƙare, sai ya sayi dawar nan da tsada, mai bashi kuma yana sallama a ƙofa. Hausawa sun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Mu ware abinci da kuɗin makaranta da baiko tukuna, abin da ya ragu shi ne na kasuwa.

4. Ɗan'uwan da bai zo sujada ba

Wannan ya fi bashi nauyi. A ranar Kirsimati akwai gwauruwar da ta kan zauna a gida da 'ya'yanta, gama ba ta da kuɗin anko, kunya kuwa ta hana ta fitowa da tsohon zane. Manzo Yaƙub ya tsauta wa ekklesiyar da ta ba mai kyakkyawar riga wurin zama mai daraja, ta bar matalauci a tsaye. Idan mun zaɓi anko da rabin zumunta ba za su iya saya ba, mun yi wannan laifi ke nan, ko da ba mu ce wa kowa ya tashi ba. Mu tuna Mai Cetonmu da tsummoki aka naɗe shi a Baitalami.

Dokas ta Yafa ta nuna mana hanya. Da ta rasu, gwauraye suka tsaya suna kuka, suna nuna wa Bitrus rigunan da ta ɗinka. In za mu sayi turmi uku, mu sayi biyu, kuɗin na ukun ya suturta wani a ɓoye.

Tambayoyi

1. Wa ya ke zaɓen anko a ekklesiyarmu, da wa kuma a ke shawara?
2. Su wane ne ba mu gani a sujada ba Kirsimatin bara? Mun je mun tambaye su dalili?

Addu'a: Ya Uba, ka ba mu zuciya mai wadar zuci a kasuwa, da idon ganin ɗan'uwa marar sutura. Cikin sunan Yesu. Amin.