Dokta Harry Boer: Masanin Tauhidin da Ya Tara Ɗarikoki a Aji Guda

Fastoci da dama da ke hidima a ikkilisiyoyin TEKAN, a Gombe da sauran jihohin Arewa, sun yi karatu a Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya, wato TCNN, da ke Bukuru. Shugabanta na farko shi ne Dokta Harry Boer, kuma kafa ta bai zo masa da sauƙi ba.

An haife shi a ƙasar Holan a 1913, ya girma a Amurka cikin ikkilisiyar Christian Reformed, mai bin koyarwar Yohanna Kalbin. Ya yi hidimar fasto a rundunar sojan ruwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya iso Nijeriya a 1947. Bayan 'yan shekaru aka kira shi ya koyar a makarantar tauhidi ta Kalbin a Amurka, amma rikici ya tashi tsakanin malamai, aka sallame shi tare da waɗansu a 1952. Sai ya tafi Amstadam ya yi digirin dokta.

Binciken da ya yi a can shi ne ya zama littafinsa Pentecost and Missions na 1961. Ya bi Ayyukan Manzanni sura sura, ya lura cewa manzanni ba su riƙa ambaton Babban Umarni na Matiyu 28 a matsayin dalilin fitarsu wa'azi ba. Abin da ya tura su shi ne saukowar Ruhu Mai Tsarki ran Fentikos. A ganinsa, shaida halin ikkilisiya ce, kamar yadda ba da 'ya'ya halin itace ne. Ruhun kuwa ɗaya ne, saboda haka rarrabuwar masu bi tana raunana shaidarsu.

Wannan fahimta ce ya dawo da ita Nijeriya. A 1955 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin mishan ɗin SUM da na 'Yan'uwa suka kafa tarayyar TEKAS, wadda ta zama TEKAN. Akwai Lutaran a ciki, akwai masu bin Kalbin, akwai masu yi wa jarirai baftisma da waɗanda ba sa yi. Boer ya tsaya a kan cewa a horar da fastocinsu wuri ɗaya. Aka fara karatu a 1959.

A gida aka ja da shi. Waɗansu a ikkilisiyarsa ta Amurka suka ce makarantar haɗin gwiwa za ta tsarma koyarwar da suka gada, aka yi shekaru ana muhawara a majalisarsu. Tsoron nasu ba na banza ba ne, domin koyarwa amana ce. A ƙarshe ikkilisiyar Tibi, NKST, ta buɗe tata makarantar a Mkar a 1971, shekarar da Boer ya sauka daga shugabanci. TCNN dai ta ci gaba da aiki har yau.

Sauran shekarunsa a nan ya ba da su ga rubuta littattafan ɗalibai cikin Turanci mai sauƙi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne A Short History of the Early Church na 1976, wanda ya bayyana taron Nikiya na 325 da na Kalsidon na 451, ya kuma nuna wa ɗalibin Afirka cewa Tartuliyan da Agustin mutanen nahiyarsa ne.

Ko a tsufansa bai daina yin tambaya ba. A 1977 ya kai ƙara gaban majalisar ikkilisiyarsa, yana cewa koyarwar Dokokin Dort game da ƙaddara waɗansu ga hallaka tun fil azal ba ta da tushe a Littafi Mai Tsarki. Majalisa ta ƙi amincewa a 1980. Bai fice ya kafa tasa ɗarika ba. Ya rasu a 1999.