Ruwan Masana'antu a Lambu: Ganye Ya Yi Kore, Ƙasa Tana Mutuwa

Tambaya: Malam, ina zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ina noman latas da alayyahu a gefen rafin Tatsawarki. Ganye yana kyau ko ban sa taki ba, amma ƙasar ta fara tauri da fari-fari. Mene ne dalili?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Tatsawarki yana kwashe ruwan kwatamin Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, sannan rafin Salanta ya kawo masa dagwalon masana'antun Sharaɗa kafin ya faɗa kogin Challawa. Ruwan kwatami yana ɗauke da naitirojin da fosfaras, shi ya sa ganyenka yake sheƙi.

Farin nan kuwa gishiri ne. Masu jima a masana'antun nan suna adana fata da gishiri, su jeme ta da kuromiyam. Rana tana busar da ruwan, gishirin ya zauna, ƙasa ta dunƙule, saiwa ta kasa shan ruwa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙarafa irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam. Ba sa ruɓewa, taruwa suke shekara bayan shekara, kuma ganyayyaki sun fi hatsi zuƙar su. Wanki ba ya fitar da abin da ya riga ya shiga jikin ganye, ga shi latas ɗanye ake ci.

Ka kai ƙasarka da ruwan zuwa sashen kimiyyar ƙasa na Jami'ar Bayero a gwada. Kafin sakamako ya fito, ka dakata da noman ganye a wurin, ka nemi ruwan rijiya mai nisa da rafin, ka ƙara takin gargajiya. Ku haɗu da maƙwabtan lambunka ku kai kuka ga hukumar kare muhalli ta NESREA.